Wutar Baba Gana

Baba Gana ya haura tamanin, kuma a ƙauyensu da ke hanyar Kunci ba wanda bai san ya yi aikin reluwe ba, don ko gaisuwa ka tsaya yi da shi sai ya ja ka zuwa hirar loko, inda ake ajiye kawunan jirgin ƙasa. Shekara goma sha shida ya yi yana zuba kwal a cikin wani tsohon kan jirgi ƙirar Ingila, mai aiki da tururi, wanda ake jera taragu da shi a tashar Kano. Ya ce injin ya girmi mahaifinsa, an ƙera shi tun kafin Turawa su shigo garin.

Abu ɗaya ya koyo a can da bai bar shi ba: ba a barin wutar jirgi ta mutu. In an tashi aiki sai a tattara garwashin gefe guda, a lulluɓe, gobe a tone a ci gaba. Da aka daina jirgin kwal ya dawo gona, ya riƙa yi wa matarsa Aina'u shisshigi a murhu, ita kuwa tana korarsa da muciya.

Ranar da Aina'u ta rasu, da safe ta hura wuta ta ɗora koko, ba ta kai ga saukewa ba. Mutane suka yi jana'iza suka watse. Baba Gana bai yi kuka ba, bai ma ji komai ba. Ya shiga madafa ya tarar da sauran garwashi, sai hannunsa ya yi abin da ya saba, ya rufe shi da toka. Washegari ya tone ya ƙara itace. Haka ya yi ta yi har shekara biyu, damina da rani, bai gaya wa kowa ba. Ko ɗaurin aure a Watari ba ya zuwa, wai ƙafa ke damunsa.

Wata Juma'a 'yarsa Tahira ta zo daga Ungogo yana masallaci. Mace ce mai tsabta, ba ta iya ganin tarin toka ta wuce. Ta kwashe murhun tas, ta kai bayan gida, da ta ga ɗan hayaƙi ta watsa ruwa kada ya kama dangar kara.

Ya dawo ya tsaya a ƙofar madafa.

"Baba, na gyara maka wurin," in ji ta. "Tokar kamar ta shekara."

"Allah ya yi miki albarka," ya ce.

Ya durƙusa ya shafa ƙasan murhun, ya ji sanyi. Ya jira zuciyarsa ta motsa, shiru. Tahira ta jera itace ta shiga laluben kan katanga.

"Baba, ina kake ajiye ashana?"

"Babu," ya ce. "Tun da innarki ta hura, ba a sake kunnawa ba."