Walƙiyar da Surukata Kaɗai ke Gani

Surukata ta rasa kusan rabin ganin idonta na hagu a shekarar da na yi aure, kuma da hannuna a ciki. Na daɗe ina ba da labarin nan ana dariya, ina tsallake wannan wurin. Yanzu da nawa idon ya fara tara tarkace, bari in faɗe shi yadda ya faru.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kafanchan, mijina yana aikin jirgin ƙasa. Da aka ba da hutun Kirsimati sai ya kai ni ƙauyensu a ƙasar Jaba, kusa da Nok, ya ce in zauna da mahaifiyarsa in san gida, shi ya koma bakin aiki. Lokacin citta ne. Kowa a gidan yana kanta: a haƙo, a wanke, a tsaga biyu da wuƙa, a kai falalen dutsen da ke bayan gida a shanya. Ni kuwa hannun alli gare ni, kwana biyu ya yi bororo. Aka mayar da ni madafa, matan yayyen mijina su uku suna ƙunshe dariya. Surukar tawa, wadda kowa ke ce wa Mama, ba ta taɓa kiran sunana ba. Malama take ce mini, kuma kowa a wurinta "ka" ne, mace ko namiji.

A madafar ma ban tsira ba. Na dama kunun acca fari tas na kai mata. Ta duba cikin ƙwaryar, ta ɗago kai.

"Malama, a makaranta ba su koya maka rufe abinci ba? Ƙuda uku ya mutu a ciki."

Na leƙa ban ga komai ba. Ta sa cokali tana bin wani abu, tana kai hannu yana zamewa.

"Ga shi nan yana iyo," in ji ta.

Washegari gashi ta gani a tuwo. Bayan nan yanar gizo a ruwan sha. Kafin Lahadi ta zagayo, duk zumuntar mata ta majami'a ta ji cewa ɗanta ya auro ƙazama daga gari. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Ni da uwata ke sa ni in sake wanke tukunya sau uku in ta ga ɗigon toka, ni ce yau ƙazama.

A majami'a na gano bakin zaren. An shafe bango da farar ƙasa saboda Kirsimati. Fasto na wa'azi, Mama na korar ƙuda a gaban fuskarta, alhali babu ko ɗaya. In ta dubi farin bango sai hannu ya tashi, in ta sunkuyar da kai kan baƙin zanenta sai ya kwanta. Nan na tuna kakana, wanda ya yi shekaru yana cewa akwai zare da ɗigo-ɗigo masu yawo a idonsa, kuma ya mutu yana zura zare a allura da kansa. Na ce ashe ƙudan a idon tsohuwa suke. Tunda na ɗauka ba abin da zai cutar da ita ba ne, sai na yi gum, na ce a raina abin nema ya samu. Daga ranar in ta ce ga ƙuda, sai in miƙa mata mafici cikin ladabi in ce, "Ya koma can, Mama."

Sai walƙiya ta shigo. Mama ta yi suna wajen karanta sama. Ba a shuka acca a unguwar sai an ji ta bakinta. Wata rana da almuru ta shiga ɗakinta mai duhu, sai ga ta ta fito da sauri.

"Walƙiya ya yi ta wajen Kagoro. Ku kwashe citta."

Kowa ya ɗaga kai. Sama wasai, ko ƙyallin gajimare babu. Babbar matar gidan ta ce, "Mama, ruwa a Disamba?" Sannan duk suka juyo gare ni, wai ni mai ilimi in faɗi gaskiya. Na gyara murya.

"Ni ma kamar na ji ƙugi-ƙugi, Mama. Ai akan yi ruwan bazata."

Duk wanda ya san citta ya san in ruwa ya taɓa ta tana shan rana, baƙi take yi, ta yi funfuna, wahalar shekara ta tashi a banza. Ba wanda ya ƙara musu. Matan nan uku suka yi ta safa da kwanduna tsakanin dutse da rumbu, suna haki, yajin citta na sa su atishawa. Ni ina bakin murhu ina hura hannuna mai bororo. Da safe aka sake shanyawa. Sau uku aka yi haka cikin kwana goma, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har cikin ƙashina. Na ma lura walƙiyar ba ta da alƙibla: yau Kagoro, gobe Keffi, ya danganta da inda Mama ta sa gaba. Kullum dai ta hagunta take.

Ana saura kwana huɗu Kirsimati na shirya zuwa Kafanchan sayayya. Ina ɗaura kallabi Mama ta ce, "Malama, ka tafi da laima. Hadari ya tsaya nan gefe tun jiya, baƙi, bai motsa ba." Na karɓi laimar na yi godiya, na riƙe dariyata har bakin hanya.

A kasuwa na gamu da ƙawata, wadda muka yi makarantar kwana tare, tana aikin nas a asibiti. Na kwashe labarin nan na ba ta, ina yi ina riƙe ciki. Ba ta yi dariya ba. Ta ce cikin ido akwai wani ruwa mai kauri kamar farin ƙwai, in shekaru suka ja yakan tsinke, guntayensa su riƙa yawo, su ne ƙudan. In sun daɗe ba su ƙaru ba, irin na kakana, yawanci ba komai. Amma in sun zo rututu farat ɗaya, ga kuma walƙiya, to ruwan ne ke jan wata fata siririya da ke can bayan ido, yana iya yaga ta. Hadarin da ya tsaya a gefe kuwa, fatar ce ta fara ɗagowa, in ya kai tsakiya idon ya tafi.

"Kwana nawa da farawa?"

"Sati biyu da 'yan kai."

"Kin gane a idonta ne, kika yi shiru?"

Na bar sayayyar, na je tashar jirgi na samo mijina, muka kama hanyar ƙauye.

Mama ta ce ba inda za ta. Citta na kan dutse, Kirsimati na bakin ƙofa, kuma idon da ya ga ruwa tun kafin a haifi Malama ba shi ne zai yi ƙarya yau ba. Ta nuna ni ta ce, "Ai shi ma ya ji ƙugi." Babu sauran hanya. Na durƙusa a tsakar gida, gaban matan nan uku, na ce ban ji ƙugin komai ba, ban taɓa ganin ƙuda ko ɗaya ba, haushi ne ya sa ni. Kallon da suka yi mini ba sai na faɗa ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Sannan na roƙi Mama ta rufe idon dama da tafin hannu, na sa mijina ya tsaya a hagunta, kusa da kafaɗarta.

"Mama, ina ɗanki?"

Can ta ce, "Ya shiga ɗaki."

Ya taɓa kafaɗarta, ta zabura. Sai ta tashi ta haɗa ƙunshinta.

A jirgi muka tafi Kano, asibitin ido na mishan, can muka yi Kirsimati. Aka yi mata aiki aka liƙe fatar, ta yi kwanaki a kwance ido a naɗe, ba a yarda ta juya kai ba. Tsakiyar gani ta tsira, gefen bai dawo ba. Likita ya ce da an zo tun lokacin walƙiya, kafin hadarin, da ƙaramin aiki ne. A gabana ya faɗa, kuma Mama na ji. Ƙudan kuwa ya ce ba su da magani, za ta saba da su, ta kuwa saba.

Muka dawo ina jiran hukunci. Na ɗauka za ta ce ɗanta ya mayar da ni gidanmu, kuma da ta faɗa ba zan ga laifinta ba. Ina nan ina jira har Lahadi ta zo. Mun shiga majami'a ina neman benci can baya in ɓoye, sai ta kamo bakin zanena ta zaunar da ni a hagunta.

"Nan ne ka ɓata," in ji ta. "Ka zauna nan. Abin da ya zo ta nan, ka gaya mini."

Haka aka yi. A kasuwa, a gidan biki, wajen tsallaka titi in ta zo Kafanchan, ni ce a hagunta, ina cewa ga keke, ga rami, ga matar Fasto ta miƙo hannu. Wani lokaci shaiɗan yakan raya mini in ce ga kura, amma ban taɓa yi ba. Ba ta taɓa cewa ta yafe ba, ni ma ban tambaya ba, har Ubangiji ya kira ta. Har yau in na shiga majami'a sai in tsinci kaina na matsa, na bar wurin mutum ɗaya a damana.