Na Je Guéchémé Neman Fuskar Ɗanmu

Dogon Dutsi

Na bar gida ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba. Mariama, matata, ta raka ni zaure. "In akwai hoton yaron nan, ka zo mini da shi," ta ce. Ɗan farinmu ne, don haka shekara ashirin da bakwai ba ta taɓa kiran sunansa ba. Zazzaɓin kwana biyu ya ɗauke shi a wurin aiki, aka rufe shi can kafin labari ya iso mu. Shi kuwa tun da ya shiga karatun addini ba ya yarda a ɗauke shi hoto.

Tibiri

Mota ta tashi ƙarfe bakwai, kuɗin mota jika biyu. Jandarma ya duba takarduna a shinge, ya ce, "Baba, ina zuwa?" Na ce gaisuwa. Mun isa Tibiri goma da kwata. Na sayi fura, na kasa sha. Daga nan kabu-kabu.

Guéchémé

Malama Hadiza, abokiyar aikinsa, ta tarbe ni. Sai da na je kabari, sannan ta kai ni gonar gero. Ta nuna mini ƙaramar kamara liƙe a bayan waya, da ita suke ƙirga tsuntsayen da ke cin amfanin gona.

"Baba, wagga ba ta ɗaukar fuska. Motsi kaɗai take gani, komai saurinsa. Abin da ya tsaya, babu shi. Shi ya sa Idrissa ya yarda da aikin."

Ta kunna wani bidiyo da kamarar ta ɗauka lokacin da ɗanmu ke aiki a gonar. Baƙi ƙirin, sai ɗigo-ɗigo fari kamar an watsa tsaba. Tsuntsaye ne. Can ga siffar mutum yana ratsa gona, kafaɗar hagu a karkace. Ɗanmu ne, tafiyar mahaifina ya gada sak. Ya tsaya, ya ɓace.

"Ya tafi?" na ce.

"Kabbara ya yi, Baba. Jira."

Ya yi ruku'u, sai siffarsa ta dawo.

Gida

Na kwana wurin mai gonar, na iso gida washegari da la'asar. Na gode wa Allah, na gode wa Malama Hadiza da ta tura mini bidiyon a wayata.

Na ce wa Mariama babu fuska. Ta karɓi wayar, ta kalla har ya ɓace. Ta jira. Da ya sunkuya ya bayyana, a hankali ta ce, "Idrissa."