Hajiya Tana Jiran a Sallama Mata

Ban taɓa zaton akwai aikin da ake ɗaukar mutum don ya zauna ya kalli wani yana kuskure ba. Da na san da shi tun da wuri, da na yi suna a unguwarmu ta Kilomita Biyar, don tun da shagona ya ƙone kallon kuskuren mutane kaɗai ya rage mini. Shekaru na yi a kan benci. Waɗanda suka saba shan shayi a shagon suka koma gaishe ni daga kan taksi-moto, wato babur ɗin haya, hannu a sama, ba tsayawa. Boko ban yi nisa ba. Abin da nake da shi Hausa da Sango, yaren garin nan, sai baki marar linzami.

Ana haka 'yar yayata ta dawo daga karatu a Kamaru. Ita da abokan aikinta sun haɗa wata manhaja ta waya, yadda mai ƙaramin shago zai sari kaya wajen manyan 'yan kasuwa ba tare da ya ratsa kasuwar ba. Matsalarta Hausa. Irin yaran yanzu ce, da Sango take mafarki, su kuwa tsofaffin unguwarmu ba sa sakin jiki sai da Hausa. Ta zo ta durƙusa ta ce in zama tafintanta, amma na gwaji.

"Kawu, ba talla za mu yi ba," in ji ta. "Za mu ba mutum wayar, mu ce ya sayi abu, mu zuba ido. Inda ya tsaya, inda ya ruɗe, shi muke nema. Idan ya kasa, laifin manhajar ne, ba nasa ba."

Maganar nan ta shige ni. Tunda nake ban taɓa jin an ce mutum ya kasa abu kuma laifin abin ne ba. Washegari tun kafin ta iso na wanke riga, na goge takalmi, ina ta kai da kawowa a ƙofar gida kamar ango.

Sai dai na fara da ɓarna. Mutumin farko, mai sayar da sukari, yana lalube a fuskar wayar, na fizge na nuna masa inda zai danna. Na biyu kuwa da ya gama na ce, "Ai ya yi kyau ko, Alhaji?" Ya ce, "Nzoni mingi, ya yi kyau ƙwarai, Allah ya sa albarka." Na fito ina murna. A bakin titi 'yar yayata ta tambaye ni me muka koya. Na ce an yaba.

"Kawu, wa ka sani a unguwar nan da baƙo zai kawo masa abu ya ce ba kyau?"

Babu. Ni ne kawai zan iya, shi ya sa ba a gayyatata wurare. Ta sunkuyar da kai ta ce abokan aikinta sun ce idan aka sake haka za su nemo wani tafinta. Na ji abin har cikin ƙashina. Benci nake hangowa.

Mai bi a layi wata Hajiya ce a unguwar Kokoro, mai shagon sabulu da man girki, ƙawar mahaifiyata tun suna 'yan mata. Kafin mu shiga, yarinyar ta koya mini dabara ɗaya: in an tambaye ni, in mayar da tambayar. Ni kuma na ƙara da tawa, na cika baki da goro.

Muka yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi matata da ciwon gwiwata. Sannan na miƙa mata wayar na ce ta sari kwalin sabulu. Abin mamaki, ba ta sha wuya ba. Ta ga hoton sabulun, ta taɓa, ta danna wurin saye, wata alama koriya ta fito. A wajen masu manhajar an gama ke nan. Hajiya ta ɗora wayar a cinya ta naɗe hannu.

"Ɗana, shi ke nan?"

Na haɗiye ruwan goro. "Hajiya, ke me kike gani?"

"Ni zan gani? Kai da ka kawo abin?"

Na ci gaba da taunar goro. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Uwarka ba haka ta rene ka ba. Babba na tambayarka kana tauna kamar akuya."

Wallahi hannuna har ya tashi zai kai ga wayar, sai na ji ƙafar 'yar yayata a kan tawa. A wajenmu ka ga tsohuwa tana fama ka ƙi sa hannu, ai ka zubar da mutuncin gidanku. Na daure. Hajiya ta ɗauki wayar ta sake sayen sabulun daga farko. Alamar ta fito. Ta jira. Ta kara wayar a kunne, ta sauke, ta sake saye. A nan ne na ga ba ruɗewa ta yi ba, jira take yi, kuma ban san me take jira ba. Sai na yi tambayar da ba a koya mini ba.

"Hajiya, me kike saurare?"

"Mai kayan mana. Na ce na saya, bai ce ya sallama ba. Ciniki ne wannan? Ko kuwa ɗaukar kayan mutane zan yi da ƙarfi?"

Na fassara wa yarinyar da Sango. Ni da na yi rayuwata a kasuwa, na sha cewa na sallama ba adadi, ko sau ɗaya ban tuna babu kalmar a cikin wayar ba. Da na nuna mata tun farko, da ta ce madalla mun tafi, ranar da abin ya fito kasuwa kuwa a jibge mata sabulu ninki uku. Yarinyar ta roƙe ni in sake tambayarta yaya take son a sallama, da rubutu ko da murya. Hajiya ta ce ita dai ba ta taɓa jin rubutu ya sa wa ciniki albarka ba.

Muna fita na kasa tsayawa wuri ɗaya. Ina ta lissafa mata wasu da ya kamata mu gwada, mai shinkafa, mai atamfa, har da wani Alhaji da ba ma ga maciji, don in ga ko shi ma zai jira. Tana dariya ta kira abokan aikinta, ta yi ta zuba Faransanci. Da ta kashe wayar ta ce ranar Laraba unguwar Yakite za mu, kuma ni zan riƙe tambayoyin, ita za ta zauna a baya tana kallo.

Hajiya kuwa ta riga ni isar da ƙara gida. Na tarar ta aika wa matata saƙon murya cewa zaman banza ya lalata mini tarbiyya. Na ce ta amsa mata da ban-haƙuri, ta kuma shaida mata zan dawo da wayar idan an sa mata baki.