Matar da Ta Ƙi Goge Layi na Tara

Kowace safiya Misis Christiana Shekwolo takan hau keke Napep daga Maitumbi zuwa ofis, kuma kafin ta sauka ta riga ta san abin da direban ya karanta a jami'a. Aikinta ke nan shekara talatin da biyar: ta ƙirga masu aiki da marasa aiki a Minna, sannan ta zauna gaban kwamfuta ta lissafa inda za su kasance nan da shekara uku. Wa zai samu, wa zai tafi Abuja, wa zai gaji ya daina nema. Lissafinta bai cika yin kuskure ba, shi ya sa ba a cika karanta shi ba.

Ƙa'idar sana'arsu ta ce duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako aka biya shi, mai aiki ne. Wanda ya daina nema kuwa ba ya cikin marasa aiki. Ƙa'ida ce mai albarka, tana rage zaman banza ba tare da an buɗe masana'anta ko ɗaya ba.

Abokin aikinta, Alfa, ya ba ni labarin ranar da suka shiga wani gida a Fadikpe da takardar tambayoyi. Maigidan, Jamil, injiniya ne a takarda, da 'ya'ya biyu.

"Mama, me kika rubuta?"

"Na rubuta kana da aiki, ɗana."

"Aiki? Siminti fa na sauke ran Talata! To ki shiga ki gaya wa matata, ita ba ta da labari." Ya yi dariya, dariyar ta tsaya. "Don Allah, Mama. In kin sa ni cikin masu aiki, wa zai ƙara tunawa da ni?"

Ba ta canza amsar ba, domin ba ta ƙarya. Amma a rahoton ofis, mai layi takwas, ta ƙara na tara: waɗanda ƙa'ida ta ba aiki, gari bai ba su ba. Adadinsu ya fi na marasa aiki yawa.

Shugabanta ya kira ta. "Madam, layin nan naki yana ɓata mana hoto."

"Ranka ya daɗe, ba ni na ɓata shi ba. Haka na same shi."

Da lokacin ƙarin girma ya zo, sai aka tuna cewa ba ta da haɗin kai.

Mama Christiana, ke ce kika san cewa kowace lamba tana da mata da 'ya'ya. Bara kin koma Fadikpe kin tarar Jamil ya daina nema, kamar yadda lissafinki ya faɗa. Yanzu Jamil ba ya cikin masu aiki, ba ya cikin marasa aiki, sai kika faɗaɗa layin don ya ɗauke shi. A nan kaɗai yake.

Juma'ar da ta wuce kin yi ritaya. An sha lemo, an ba ki agogon bango. Mun gode, Mama, Allah ya ba ki lafiyar hutawa. Masu ƙirga mutane, ku riƙa kallon fuskokinsu kamar yadda ta yi. Wanda ya gaji kujerarta kuma, ran Litinin zai buɗe kwamfutar, goge layin ba zai ɗauke shi minti ɗaya ba. Muna roƙonsa ya bar shi.