Goggo Nangala da Almakashinta

Kullum rana na ɗagowa za ka ga Thelma Nangala tana tura tsohon keken jarirai cikin jan yashi, shaƙe da littattafai, karnuka na biye da ita. A rumfar ganye take zama, ta dafa shayi a gwangwani, ta gutsuttsura burodin toka, yara su baibaye ta. Littattafan duk ita ta haɗa su da harshenmu na Warlpiri, da hotunanmu a ciki. Rabin garin nan a cinyarta suka fara gane baƙi, har da ni, 'yar ƙanenta.

Da ta ce gwiwa ta gaza, za ta ajiye aiki, na je taya ta tattara kaya. Abin da na tarar har yau bai sake ni ba. Tana zaune da almakashi tana yanke fuskarta daga littattafan, ɗaya bayan ɗaya. Sunanta da ke bango kuwa ta shafe shi da baƙin fenti.

Na fizge almakashin. "Goggo, kanki ɗaya kuwa? Wahalarki ce fa ta shekara da shekaru."

Ta ce, "Ke Nampijinpa, ba ni abina, sarkin surutu. Ina littafin damo?"

Littafin farautar damo shi yara suka fi so. Tsohon da ya ba da labarin ya rasu, a wurinmu kuwa mamaci ba a kiran sunansa, ba a kallon hotonsa. Aka kulle littafin a akwati. Yaran da suka sha kuka a kansa yanzu sun yi gemu, 'ya'yansu ba su taɓa ganinsa ba.

"Kusan kowane littafi ina ciki," in ji ta. "Ranar da na tafi, me za a buɗe wa yaran nan? Sai na Turanci?"

Na miƙa mata almakashin ina hawaye, ta ci gaba da yanka, har da 'yar waƙarta.

Goggo, kowa so yake a tuna da shi. Ke ce kika goge kanki da ranki da lafiyarki, don kada a rufe wa jikokinmu littafi. Uwar masu karatu, mun gode. Ban daina jin ciwon abin ba, kuma ban ce na yafe miki fuskokin nan ba, amma mun gode.

Keken yana nan a rumfa, yana jiran mai turawa. Iyaye, ku fito, kada mu bar shi ya yi tsatsa.

Takardar nan ma da sunanta a ciki, wata rana akwati za ta shiga. Don haka duk wanda ya koyi karatu a cinyarta, ya ɗauka ya je ya karanta mata yau, da ƙarfi, tun tana ji.