Makulli a Hannun Sai-Gobe

Ranar nan hadari ya haɗo tun hantsi, ya yi baƙi ƙirin, amma ya ƙi zubar da ruwa. Iska ta ɗauke cak, mutum yana zaune zufa tana bin bayansa. Ina gaban mota kusa da ɗan ƙanwata, wanda direbobi ke kira Sai-Gobe. Makullin ajiya na motar da takardunta suna cikin aljihuna, na dafe su kamar mai dafe da ciwo.

Ni mai facin taya ne. Rumfata tana bakin titi, daf da inda direbobin da ake kira ta waya suke fakawa su jira fasinja. Karatuna bai yi nisa ba, don haka abin da idona ya gani kawai zan faɗa.

Tun yana yaro sunan nan ya kama shi. Ko takalmi za a saya masa, sai ya juya shi, ya ajiye, ya ce sai gobe. Matarsa ta taɓa ce min da don ta shi ne, da har yau yana ƙofar gidansu yana tunanin ko ya yi sallama. Haka tuƙinsa yake. Ba ya tsere, ba ya zagi, bai taɓa goga wa wani mota ba.

Wanda ya koya masa tuƙi wani dattijo ne da ake kira Gwani. Ya ɗauke shi yana wankin mota, ya ciyar da shi, ya zage shi, ya sa shi a hanya. Direbobin wurinmu kuwa suna da wani abu a tsakaninsu. Ranar da ubangidanka ya yaye ka, shi ke sa makulli a tafin hannunka. Daga nan, duk inda ya miƙo maka hannu, ko motar wa kake ja, sai ka zare makulli ka ba shi ba tambaya. Zai ɗana ta, ya saurari inji, ya dawo maka da ita. Wanda ya hana ubangidansa makulli, ya gama yawo a cikinsu. Ko motarsa ta mutu a tsakiyar titi, ba mai tura masa.

Motar da Sai-Gobe ke ja ba tasa ba ce, ta yayarsa ce. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara da keken ɗinki. Abin da aka ba ta daga wurin aikinsa ta haɗa da filin da ta gada, ta sayi motar. Daga motar ake cin abinci, daga ita yara ke zuwa makaranta.

Gwani ne ya kawo maganar wata sabuwar manhajar kiran mota ta waya. Tsohuwar da suke aiki da ita tana yankar kaso mai yawa, kullum a rumfata kukan da ake yi ke nan. Sabuwar kuwa, wai ɗan abin da za ta ɗauka bai taka kara ya karya ba, ga man fetur kyauta, ga gyaran mota kyauta. Saƙo ne ake turawa daga waya zuwa waya, ka danna ta sauka. Sharaɗi ɗaya: ka kai motarka garejinsu ta kwana biyu, a sa mata na'urar bin sawu da tambarin kamfani, ka bar makullai duka da takardu na asali. Kuma akwai ranar rufe rajista, ba ƙari. An naɗa Gwani shugaban direbobi, an ba shi sabuwar hula. Sunan Sai-Gobe ya fara ba su.

Sai-Gobe ya ce sai gobe. Aka yi dariya, aka watse.

Bayan 'yan kwanaki ya zo ƙarin iska, ya tsuguna kusa da ni yana magana ƙasa-ƙasa.

“Kawu, duk fasinjan da na ɗauka sai na tambaye shi manhajar nan. Ba wanda ya taɓa jin sunanta. Wata mata ma ta duba min inda ake sauke manhajoji a wayarta, babu ita. Kamfanin da ke neman direba ruwa a jallo haka, ina fasinjansa?”

Na ce ya gaya wa ubangidansa. Ya gaya masa a gabana. Gwani ya gyara hula ya ce, “Kai dai Allah ya yi ka da nauyin jiki. In an buɗe wa fasinja ba a tara motoci ba, wa zai je ɗaukarsa? Kai da ƙafarka? Na riga na ba da sunanka. Kada ka kunyata ni.”

Da safiyar ranar rufewar muka je wurin yayarsa. Ta tsayar da keke, ta jawo ɗan akwatin da take ajiye zare, ta ciro makulli da takardu. Ba shi ta miƙa wa ba, ni ta miƙa wa.

“Kawu, kai zan ba. In Auta ya ce ka bayar, ka bayar. In bai ce ba, ko wa ya tambaya ban san shi ba.” Auta take kiransa, shi ne ƙaraminsu. Ta dube shi ta ce, “Auta, motar nan ita ce ubansu yanzu.”

Muka fito.

Garejin yana can bayan wasu ɗakunan ajiyar kaya, a wani lungu da mota biyu ba sa giftawa. Dogon layi muka tarar. Ƙofar ƙarfe ce babba, fentinta ko bushewa bai gama yi ba, tun daga nesa ake jin warinsa. Wani mai kwat yana tsaye da wayoyi a hannu biyu, ana ce masa Manaja. Mota ta zo bakin ƙofa, direba ya sauka ya ba da makullai da takardu, a ba shi hula da riga, wani ƙato ya shiga ya ja motar ciki, a turo ƙofa. Ba a barin mai mota ya shiga. Wai dokar kamfani ce.

Layi yana matsawa, motoci suna ƙaruwa a bayanmu. Muka ga Gwani ya kai tasa. Ya shafa bayanta, ya ba da makullai yana murmushi, aka shige da ita.

Duk sanda aka buɗe ƙofa, Sai-Gobe sai ya miƙa wuya. Can ya ce, “Kawu, ka ga motar Gajere?”

Gajere abokin aikinsu ne, tun jiya ya kai tasa, ja ce, ba ta ɓuya. Na duba. Motocin yau ne kawai a ciki. A can ƙarshen fili kuma ga wata ƙofar a buɗe.

Na ce, “Ban gan ta ba.”

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Zufa tana ɗiga daga haɓarsa. Ya duba madubi: mota a manne da mu a baya, gini a hagu, kwata a dama. Ta gabanmu ta shige. Sai mu.

Manaja ya leƙo ta taga. “Sauko, direba. Makulli biyu da takardu. Yi sauri, ruwa zai sauko.”

Sai-Gobe ya kashe mota, ya zare makulli, ya fito.

“Ranka ya daɗe, ina motocin jiya?”

“Suna ɗaya garejin, wurin sa na'ura.”

“Ina ne ɗaya garejin?”

“Ba a faɗa. Tsaro ne.”

“To don Allah ka nuna min yadda fasinja zai kira ni. Ka buɗe a wayarka in gani.”

Manaja ya danna waya, ya ɗaga ta sama. “Sabis babu kyau. Ka ga hadari ai.”

“Ɗaya wayar fa?”

Daga baya aka fara danna oda. Wani ya yi ihu, “Sai-Gobe, yau dai sai yau! In tunani za ka yi, matsa ka ba mutane wuri!” Aka kwashe da dariya. Manaja ya daina murmushi. Ya ce wanda ya fita daga layin nan ya fita har abada, kuma sunan wanda ya kawo shi ma zai ɓaci a wurin kamfani. Yana faɗa yana kallon Gwani. Ƙaton nan kuwa bai jira komai ba, ya buɗe ƙofa ya zauna a kujerar direba kusa da ni. Warin taba yake yi. Bai ko gaishe ni ba.

Gwani ya tako a hankali. Bai yi faɗa ba. Hannunsa na dama kawai ya miƙa, tafin a buɗe.

Oda ta tsaya. Kowa a layin nan ya san abin da hannun yake nufi. Ruwa ya fara ɗigowa manya-manya a kan rufin mota.

Na ga hannun Sai-Gobe ya ɗaga da kansa, kamar ba shi ke ɗaga shi ba, har ya kusa rabin hanya. Sai ya dunƙule shi. Ya durƙusa a ƙasa, gwiwa biyu, a gaban jama'a.

“Maigida, duk abin da na mallaka naka ne. Wannan ba tawa ba ce.”

“Ni kake hana wa makulli?”

“Ka yi haƙuri, Maigida. Ka sa a fito da taka. Mu je gida, gobe mu dawo tare. In gaskiya ne, gobe ma gaskiya ne.”

“Ni na sa makulli a hannun nan.”

“Kai ne, Maigida.”

Hannun Gwani yana nan a miƙe, ruwa yana taruwa a tafinsa. Sai ya juyo wurina ta taga. Tare muka tsufa a bakin titin nan, ban taɓa ganin idonsa haka ba.

“Mai Faci, ba ni na aljihunka.”

Ƙaton ma ya juyo yana kallon aljihuna. Na dubi Sai-Gobe. Kansa a ƙasa, bai ce in bayar ba. Na ƙara danne aljihu na ce, “Gwani, ajiya ce. Mai ita ba ta nan.”

Gwani ya sauke hannu, ya goge shi a riga, ya juya mana baya.

Sai-Gobe ya miƙe, ya riƙe ƙofar mota ya ce wa ƙaton, “Malam, sauko min.” Ƙaton bai motsa ba. Ya sake faɗa, da muryar nan tasa da ba ta tashi. Ƙaton ya dubi Manaja. Manaja ya dubi layin direbobin da suka zuba ido, ya yi masa alama da kai. Ya sauka, ya buge kafaɗar Sai-Gobe da gangan.

Ba wanda ya ja baya ya ba mu hanya. Yaron da bai taɓa hawa ko dakalin titi ba, ranar ya karya sitiyari ya bi ta gefen kwata. Taya ta daki bakin siminti, na ji ta fashe. A haka muka fita lungun, mota tana ɗingishi, ana binmu da “Sai gobe! Sai gobe!” Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Sai da muka kai rumfata ya tsaya. Ya kifa kansa a sitiyari. Ni kuma na sauka na ciro jak.

Kwanakin da suka biyo baya ba mai gaishe shi. In ya faka, sai a matsa. Ranar karɓar motoci direbobi suka tafi da sababbin hulunansu, suka tarar da ƙofa a buɗe, fili wayam. Manhajar ta daina buɗewa, wayoyin Manaja a kashe. Mai filin ya ce haya aka karɓa na ɗan lokaci. An kai ƙara, an yi ta zirga-zirga. Har yau ban ji an ga mota ko ɗaya ba.

Kada a ɗauka an zo an ba Sai-Gobe haƙuri. Wasu kunya ta hana su kallonsa. Gajere kuwa cewa ya yi tun da Sai-Gobe ya gane, me ya hana shi faɗa da ƙarfi? Maganar nan ta zauna masa. Ya sha ce min, “Kawu, da na ɗaga murya a layin nan, wataƙila da na bayana sun juya.” Ni dai nakan ce masa ban taɓa jin ya ɗaga murya ba tun da aka haife shi.

Gwani ya shige gida ya daina fitowa. Ba motarsa kaɗai ta tafi ba, duk wanda ya rasa tasa da sunan Gwani ya je. Sai-Gobe ya je gaishe shi, aka ce yana barci. Ya koma, aka ce yana barci. Bai fasa zuwa ba. Daga baya ya sami yayarsa da maganar a bar Gwani ya riƙa jan motar. Ta ci gaba da taka keke ta ce, “Makullin ajiya dai yana wurina.”

Yanzu Sai-Gobe yana nan yana jan motar yayarsa da tsohuwar manhajar, yana kuka da kasonta kamar kowa. In an turo masa sabuwar manhaja, fasinjojinsa yake fara tambaya ko sun san ta. Daga azahar Gwani ke karɓar motar ya yi aiki zuwa yamma, kamfanin ya san da shi a matsayin direba na biyu. A rumfata suke canji. Gwani ba ya miƙa hannu. Sai-Gobe ne ke kamo hannun ya sa masa makulli.