Kawu Bello da Igiyar Ruwan Maroko

Ku mutanen unguwannin Zahir da Shisha na Makka, wa Kawu Bello bai taɓa hanawa numfashi ba? In ka shiga shagonsa na hoto, sai ya gyara maka wuyan riga, ya koma bayan kyamara, ya daka tsawa: "Kar ka numfasa!" Sannan ya shiga goge gilashi, kai kuma kana can kana kumbura. Wata rana Hajiya Asabe, maƙwabciyarmu, ta gaji ta ce, "Ya Bello, hoton fasfo na zo ɗauka ko na gawa?"

Ƙanin mahaifiyata ne, a hannunsa na girma. Shekarar da ni da abokina Faisal muka shirya zuwa gaɓar tekun Maroko, a tsakiyar sanyi, don wasan hawa igiyar ruwa a kan allo, sai ya ji muna neman mai ɗaukar hoto. Ya ce, "Kuna nema, ina raye?"

Na ce, "Kawu, jirgin masunta za mu shiga, mu yi nisa da gari. Ruwan kamar ƙanƙara yake."

Ya ce, "Ya waladi, ni da na ɗauki hoton alhazai a Mina ana turereniya? Khalas, magana ta ƙare, da ni za a tafi."

Aka tafi da shi. Mai jirgin ya miƙo masa rigar roba irin tamu mai tsare sanyi. Ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Wannan ai fatar kwaɗo ce. Ni da jikoki!" Ya ɗora kwat a kan jallabiya, ya naɗe kunnuwa da shimag, ƙyallen nan da Larabawa ke yafawa a ka. Da muka shiga tsakiyar teku, wallahi har ƙarar haƙoransa nake ji. Na ce, "Kawu, sanyi ko?"

"Wane sanyi? Zikiri nake yi."

Kyamarar kuwa tsohuwa ce, mai fim, kuma ba ya yarda a ɓata masa ko ɗaya. Ranar nan wata igiya ta taso kamar bene, Faisal ya hau ta, ya miƙe tsaye, ya ratsa cikinta ya fito ta ɗaya gefen. Bai taɓa yin irinta ba, har yau kuma bai sake ba. Masunta na ta ihu. Ya iyo zuwa jirgi yana haki, leɓɓansa sun yi shuɗi.

"Ammi Bello, ka ɗauka? Ka ɗauka?"

"A'a."

"Lesh? Don me?"

"Ba ka kalle ni ba. Na ce kar ka numfasa, ka wangale baki. Koma ka sake."

Faisal ya kifa goshi a jikin jirgin. Ban sani ba ko kuka yake ko dariya.

Da muka dawo Makka aka wanke hotunan, rabi sama ce zalla, rabi hazo, saboda rawar da hannunsa ke yi. Na ce, "Kawu, duk sun girgiza." Ya ɗaga ɗaya ya duba a haske, ya ce, "Ruwan ne bai da tarbiyya. Ba ya tsayawa wuri ɗaya." Haka ya liƙa su a bangon shago, duk wanda ya shigo sai an nuna masa wani ɗigo baƙi an ce ni ne.

Amma akwai abin da ke cina. Ranar da za mu baro teku, na gan shi zaune a gaban jirgi, kofin shayi a hannu, yana kallon ruwa yana murmushi shi kaɗai. Ban taɓa ganin fuskarsa a sake haka ba. Na ɗaga waya zan ɗauke shi, ya ankara, ya tare da tafin hannu. "Mai hoto ba a ɗaukarsa!" Muka yi dariya, na mayar da wayar aljihu. Na ɗauka akwai wata tafiyar a gaba, don tun a lokacin yake cewa baɗi zai zo da safar hannu.

Bai kai baɗin ba. Bayan an yi masa salla a Harami, 'yarsa Maryam ta same ni, ta ce, "Yaya, turo min hoton Baba a teku, yara su gani." Na bincike wayar kaf. Tafin hannunsa kawai na samu, da ɗan gefen shimag, da ruwa a bayansa. Shi na tura mata. Ta ce za ta sa a bango.

Allah ya jiƙan Kawu Bello, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta. Allah ya sake nuna mana fuskar nan a Aljanna.